Darasi a Kan Ɗaukar Hoto a Wajen Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai, yanzu kusan kowa na da waya mai kyamara, amma ba kowa ya iya ɗaukar hoto ba. Ga wurare uku da matafiya suka fi ɗauka, da abin da ya kamata a kula da shi.

Na farko, magangarar ruwa. A nan Gana muna da ta Kintampo a kan kogin Pumpum, da ta Wli kusa da iyakar Togo, wadda ta fi kowace tsawo a ƙasar. Ka je da safe ko ranar da hadari ya rufe rana, domin hasken tsakar rana yakan mai da ruwan fari fat, ba a ganin komai. Ka riƙa goge idon kyamara saboda feshin ruwa. In wayarka na bari a sauya saurin ɗauka, mai sauri yana tsai da ɗigon ruwa ɗaya-ɗaya, mai jinkiri kuwa ruwan ya fito kamar auduga, amma fa sai ka ɗora wayar a kan dutse don kada ta motsa. Ka sa mutum ya tsaya a gefe, a nan ne mai kallo zai gane girman wurin.

Sai dai rai ya fi hoto. A watan Maris na 2017 iska ta kayar da wata babbar bishiya a Kintampo, aƙalla mutum 18 suka rasu, yawancinsu ɗalibai kamar mu. In ka ga hadari ya haɗo, ka fita. Kada ka hau dutse mai santsi don kawai ka ɗauki kanka.

Na biyu, daskararriyar ƙanƙara ta kan duwatsu. Akwai ta har a Afirka, a saman Kilimanjaro na Tanzaniya mai tsawon mita 5,895. Farinta yana ruɗin kyamara, sai ta rage haske, hoton ya fito toka-toka, don haka kai ne za ka ƙara hasken da hannunka. Irin wannan hoto shaida ne, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke wurin a 1912 ta narke. In aka jera tsohon hoto da sabo, ai ba sai an yi dogon bayani ba.

Na uku, titi da kasuwa, kamar Nima ko Zangon Kumasi. A nan ladabi ne kan gaba. Ka yi sallama, ka nemi izini, musamman wajen iyayenmu mata da dattawa. Wanda ya ce a'a, to a'a ɗin ce. Kada ka ɗauki mabaraci ko mara lafiya ka watsa a Facebook, domin hoton da ya fita ba ya dawowa.

Aikin hutu: kowa ya ɗauki titi ɗaya sau uku, da safe, da azahar, da la'asar sakaliya, sannan ya duba yadda inuwa ta sauya.