Kaset biyu, kasuwa ɗaya

A shekarar 1975, kamfanin Sony na ƙasar Japon ya fito da na'urar bidiyo mai suna Betamax. A 1976, kamfanin JVC ya fito da tasa, VHS. Kaset ɗin wannan ba ya shiga cikin waccan.

Kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka. Na VHS kuwa awa biyu, ya isa fim guda. JVC kuma ya ba kamfanoni da yawa, kamar Hitachi da Sharp, izinin ƙera irin tasa. Na'urorin VHS suka yawaita, suka yi araha. Masu ba da hayar fim suka cika shagunansu da kaset ɗinta. Mai Betamax sai ya sha yawo kafin ya samu abin kallo.

A 1988, Sony da kansa ya soma ƙera VHS.