Darasi Na 14: Lambar Da Ke Jikin Tayar Babur

Sababbin kalmomi: taya, rim, inci, faɗi, kwana.

Jama'a, a ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan babur ya zama jakin zamani. Da shi a ke kai tumatir da barkono kasuwa. Da shi a ke ɗauko mazarƙwaila daga wurin matsar rake. Da shi kuma a ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Duk wannan nauyi kuwa tayoyi biyu ne ke ɗauke da shi, kuma abin da ke taɓa ƙasa na kowace taya bai fi tafin hannu ba. Saboda haka zaɓen taya ba abin wasa ba ne.

Kowace taya tana da lamba a gefenta. Galibin baburan Boxer da a ke haya da su suna da 2.75-17 a gaba, da 3.00-17 a baya. Lamba ta fari ita ce faɗin taya a inci. 2.75 watau inci uku ba kwata, 3.00 kuwa inci uku cif. Lamba ta biyu ita ce girman rim, watau ƙarfen nan da taya ke zama a kansa. 17 watau inci goma sha bakwai.

Wata tayar kuma za ku ga an rubuta mata 90/90-17. Nan faɗinta milimita 90 ne, tsayinta kashi 90 cikin ɗari na faɗin, rim kuwa inci 17.

To, ku lura ƙwarai. Lambar rim ba a canja ta ko kaɗan. Taya mai 17 ba ta shiga rim mai 18. Taya mai 18 ba ta kama rim mai 17, tana iya kuɓucewa ana cikin gudu.

Waɗansu samari suna cewa babbar taya ta fi kama ƙasa. Sai su cusa mai faɗi a kan siririn rim. Rim ɗin ya matse bakinta, tsakiyarta ta yi tozo, ta riƙa cinyewa tun ba a je ko'ina ba. In a gaba ta ke, kan babur ya yi nauyi, ba ya saurin bin hannu a kwana, ko sa'ad da akuya ta gitta. In a baya ta ke, tana iya gugar murfin sarƙa, ga shan mai. Da damina kuma taɓo ya cushe tsakaninta da ƙarfe.

Wanda ya sa taya ƙarama don neman araha shi ma bai tsira ba. Ba ta iya ɗaukar nauyin da babur ya saba ɗauka. In aka labta mata buhu biyu sai ta yi zafi, wata rana ta fashe.

Abin da ya fi shi ne mutum ya sayi lambar da masu ƙera babur suka sa masa tun farko. Tub ma haka, ya zama lambarsa ta yi daidai da ta taya.

Akwai wata lamba mai ƙwaya huɗu a jikin tayoyi da yawa, mai nuna lokacin da aka yi su. 2523 watau mako na 25 cikin shekarar 1923 ba ne, na 2023 ne. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. In kun ga ta tsattsage a gefe, ku bar wa mai ita abinsa.

Wanda bai iya karatu ba, abin da aka miƙo masa a kanti shi zai karɓa. Wanda ya iya kuwa, shi zai faɗi abin da ya ke so. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne 17 ke nunawa a cikin 3.00-17?
2. Me ke faruwa in an sa taya mai faɗi ƙwarai a gaba?
3. Yaushe aka yi tayar da ke da lamba 1022?

Aiki: Kowa ya rubuto lambar tayar gaba da ta baya ta wani babur a unguwarsu, ya kawo aji gobe.