Bin Sawun Tarihin Zuriyar Bayi a Kudancin Kano: Madogarai da Ƙa'idojin Bincike a Yankin Bagauda

Tsakure

Maƙalar ta dubi hanyoyin gano tarihin iyalan da kakanninsu suka yi zaman bauta a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ta bayyana dalilan da suka sa wannan tarihi ya yi ƙaranci a bakin masu shi, ta kawo madogarai huɗu da manazarci zai iya bi, sannan ta ja hankali kan haƙƙin mutanen da ake binciken asalinsu.

Fitilun kalmomi: bauta, rinji, cucanawa, asali, tarihin baka

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi dattijo asalin gidansu, akasari yakan fara ne daga kakan da ya zo da ilimi ko fatauci ko sarauta. Da wuya a ji wanda zai fara daga kakan da aka kawo a ɗaure. Alhali Lovejoy da Hogendorn (1993) sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Waɗannan mutane sun hayayyafa, jikokinsu kuma suna nan a garuruwa da ƙauyuka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarinsu. Tambayar maƙalar ita ce: a ina za a nemi wannan labari, kuma da wane sharaɗi?

2.0 Matsayin Yankin a Tarihin Bauta

Kudancin Kano ya daɗe yana zaman mashigar bayi. Kundin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ruwaito cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) Galadima Dauda ya riƙa yaƙi a kudu yana aiko da bayi, har aka kafa garuruwa 21 da su. Ko da an ɗauki alƙaluman kundin da taka-tsantsan, ruwayar ta nuna tsufan al'adar zaunar da bayi a matsugunan noma.

A ƙarni na 19 Bebeji gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, kuma Clapperton ya bi ta cikinsa a 1826. Tudun Wada da ƙasar da ta miƙe zuwa dajin Falgore da duwatsun Riruwai kuwa bakin iyaka ne. Daga tsakiyar ƙarnin Ningawa suka riƙa kawo hari kudancin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi kuma ya yi ta kai musu yaƙi. Kamun ya kasance ta fuska biyu: ana kwasar talakawan Kano zuwa duwatsu, ana kuma kawo kamammu daga can zuwa gandayen sarki da rumadan masu hali. Saboda haka gida ɗaya yana iya samun kakan da aka kawo da kuma kakan da aka tafi da shi.

A farkon Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka fasa ƙofar Bebeji, ranar 3 ga watan kuma suka ci Kano. Sai dai bauta ba ta ƙare a ranar ba. Dokar 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar, amma ta bar manya su nemi fansar kansu, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato dattijo mai shekara 80 a yau yana iya zama ya yi wayo a hannun kakar da ta ga zaman rinji da idonta.

3.0 Dalilan Shiru

Dalili na farko shi ne tsarin nasaba. A shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana iya yin sarauta. Da yake ana lissafa asali ta wajen uba, sai sunan uwar da garinsu da harshenta su faɗi daga salsala cikin zuriya biyu ko uku.

Na biyu shi ne yadda 'yancin ya zo a hankali. Wasu sun gudu, wasu sun yi fansa, wasu sun ci gaba da noma a gefen gonar tsohon ubangiji, dangantakar ta rikiɗe ta zama barantaka. Babu rana guda da iyali za su riƙe su ce ranar aka 'yanta su.

Na uku shi ne gori. Har yanzu ana binciken asali kafin a ba da aure, kalmar "marar asali" kuma tana iya rusa baiko. Wanda ya ɓoye wa 'ya'yansa wannan labari yakan yi hakan ne don ya kare su. Wajibi ne manazarci ya fahimci shirun a matsayin dabarar rufin asiri kafin ya kira shi mantuwa.

4.0 Madogarai Huɗu

4.1 Kalmomi da sunaye

Hausa ta bambanta matakan bauta filla-filla. Bawa ko baiwa shi ne wanda aka kama ko aka saya. Bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta. Murgu shi ne abin da bawa yake biyan ubangiji don ya yi sana'ar kansa. Gayauna kuwa 'yar gonar da yake nomawa bayan ya tashi daga aikin gandu. Idan tsohuwa ta ce kakanta "ya biya murgu", ta riga ta faɗi matsayinsa ko da ba ta ambaci kalmar bawa ba.

Sunaye ma suna ba da haske. Stilwell (2004) ya nazarci manyan bayin Sarkin Kano masu sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, inda ake samun sunaye irin su Barka da Nasamu da Allah Bar Sarki, da kuma tsagar uku-uku ta cucanawan fada. Amma suna kaɗai ba hujja ba ne. Ana kiran ɗan wabi da Bawa ko Ajuji, Bawa Jan Gwarzo kuma Sarkin Gobir ne. Suna yana buɗe tambaya, wata madogara ce za ta amsa ta.

4.2 Wurare

Duk unguwa ko ƙauyen da sunansa ya ƙunshi Rinji ko Gandu ya cancanci a tambayi tarihinsa: wa ya kafa shi, wa ke naɗa sarkin gandunsa, ina ake kai amfaninsa? Salau (2011) ya yi irin wannan aiki a Fanisau, Hill (1977) kuma a Dorayi, dukansu a kewayen birni. Kudanci yana da wata matsala ta daban. Gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya tayar da ƙauyuka, ruwa ya rufe kufai da gonaki. Taswirar waɗannan wurare tana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda aka tayar, su kuma kullum raguwa suke yi.

4.3 Takardu

Bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Christelow (1994) ya fassara daga Larabci, sun ƙunshi ƙararraki kan bayi da 'yantattu. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai rajistocin 'yantattun bayi da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi. Akwai kuma hirarrakin da Yusufu Yunusa ya ɗauka a ƙasar Kano a 1975. Rauninsu shi ne yawancin takardun muryar alƙali ce ko ta jami'in mulkin mallaka, ƙabilar da aka rubuta wa bawa kuma sau da yawa laƙabi ne na kasuwa, kamar yadda ake yi da kalmar "Gwari".

4.4 Bakin tsofaffi

Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya fito ne daga kusa da Zarewa, maƙwabciyar wannan yanki. Baba ta bayyana rinjin gidansu da hare-haren kamun bayi da yadda ake fanso dangi. Sai dai ita 'yar masu rinji ce. Darasin shi ne a nemi takwararta daga ɗaya ɓangaren, kuma a neme ta cikin mata, domin su ke riƙe da waƙoƙin daka da na raino da sanin wa ya auri wa. Wata kalma baƙuwa da ta maƙale a waƙar raino tana iya nuna harshen da kaka ta zo da shi.

5.0 Haƙƙin Waɗanda Ake Bincike

Binciken irin wannan yana iya zama tonon silili idan ba a kiyaye ba. Maƙalar tana ba da shawarar ƙa'idoji huɗu. A bar mai ba da labari ya zaɓi kalmar da zai kira kakansa da ita. Kada a karɓi asalin wani gida daga bakin maƙwabci a buga shi. A sakaya sunan iyali da na unguwa sai in masu shi sun yarda a fili. A kuma yi hirar a keɓe, domin abin da za a faɗa a zauren dagaci daban yake da abin da za a faɗa a ɗakin tsohuwa.

6.0 Kammalawa

A Bahiya ta Barazil, inda bayi Hausawa suka yi yunƙurin tawaye a 1807 suka kuma tayar da shi a 1814, masana sun tono labarinsu daga takardun hukuma. Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram ya bi Barth zuwa Turai, ya bar tarihin rayuwarsa da Hausa a littafin da Schön ya buga a 1885. Yankin Bagauda yana da abin da waɗancan takardu ba su da shi, wato dattawan da suka ji daga bakin waɗanda abin ya shafa. Sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'in Kano da Zariya za su iya tura ɗalibai 'yan yankin, maza da mata, su ɗauki hirarraki a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa bisa ƙa'idojin da aka ambata, a adana su a wuri mai tsaro. Aikin yana da wa'adi, domin masu riƙe da labarin sun haura shekara 80.