Manhajoji Marasa Nauyi da Rabon Intanet a Gida: Nazari Daga Yankin Gidan Goga

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya (NCC) ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wannan ƙari ya fi nauyi a kan mazauna karkara, kamar Gidan Goga da ke Ƙaramar Hukumar Maradun da maƙwabtanta na Bakura da Talata Mafara, inda gida guda kan ƙunshi iyalai da dama. Maƙalar nan ta dubi manhajojin da ke ba irin wannan gida damar cin moriyar layi ɗaya, da abin da hakan ke nufi ga nazarin Hausa.

2.0 Asali da Yadda Suke Aiki

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya. Wadda ake kira marar nauyi kuwa ita ce aka rage wa duk abin da bai zama dole ba, har ta iya zama cikin rauta. Fitacciya a cikinsu ita ce OpenWrt, wadda ta samo asali a 2004, bayan an sa kamfanin Linksys ya fitar da tushen manhajar rautarsa WRT54G saboda an gina ta a kan Linux. Akwai kuma DD-WRT, da RouterOS ta kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya, wadda masu sayar da tikitin intanet ke yawan amfani da ita.

Aikinsu uku ne. Suna karɓar sadarwa daga layin waya, su ba kowace waya adireshi na cikin gida. Suna ƙayyade rabon kowa, don kada mai kallon bidiyo ya cinye na ɗalibi. Suna kuma ajiye lissafin abin da kowa ya ci. Da yake rauta ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir da farantin sola sun wadatar.

3.0 Iyakarsu

Manhaja raba sadarwa take yi, ba ta samar da ita. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan hali rauta ba ta da abin rabawa daga waje. Amma sadarwar cikin gida ba ta mutuwa: idan an loda littattafai da karatuttuka a filas aka maƙala mata, wayoyin gidan za su ci gaba da ɗauka.

4.0 Kammalawa

Rabon layi ɗaya ya yi daidai da al'adar karo-karo da gandu, kuma ya gaji rigimarsu: wa ke riƙe da kalmar sirri, wa za a yanke idan bai biya ba? Ga mata da ke cikin kulle, amsar ita ce ke nuna ko za su samu ko za a bar su. Bugu da ƙari, 'yan sa-kai ne ke fassara shafin sarrafa OpenWrt, mai suna LuCI, zuwa harsuna daban-daban. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su daidaita kalmomin da ake bukata, su shiga wannan aiki, domin maigidan da bai yi boko mai zurfi ba ya iya saita rautarsa da kansa.