Amsar Tambaya: Na Koma Maraɗi, Aiki Ya Cinye Burina

Malam, ni mutumin Isa ne. Rashin tsaro ya sa na ƙetara zuwa Maraɗi, ina aikin gidan burodi daga isha'i har asuba. A farkon shekara na ƙudurta in tara kuɗin aure, in koyi Faransanci, in sauke Alƙur'ani, in riƙa aika wa gida duk wata. Ko ɗaya ban cika ba.

Ɗana, mutum huɗu ka ɗora wa jaki ɗaya. Wanda ya kwana yana kwaɓa fulawa a bakin tanda, idanunsa jajur da hayaƙi, barcinsa na rana haƙƙi ne, kada ka kira shi lalaci.

Fara da kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta sha faɗuwa tun 2023, saboda haka ajiyarka ta zauna a sefa. Shiga adashi da amintattu, 'yan Sabon Birni da Isa sun cika garin nan. Ka yanka wa gida abin da za ka iya ko a wata mai tsanani, ka faɗa wa mahaifiyarka adadin da bakinka. In ba haka ba, kowane ɗan uwa zai ɗauka kana shara da kuɗi, ka san halinmu.

Faransanci ya jira. Hausa ake ciniki da ita daga Maraɗi har garin Tsibiri. Karatun Alƙur'ani kuwa, shafi ɗaya bayan la'asar, kafin ka tafi aiki. Aure mu sake magana bayan ka kwashi adashin farko.