Ɗaukar Hoton Baƙin Tsuntsaye: Nasiha ga Samarinmu na Kudu

'Ya'yana na Fatakwal da Anaca da Inugu, na ga wasunku sun fara bin tsuntsaye da waya da kyamara. Madalla. Ku saurari 'yar maganar tsoho kafin ku fita.

Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ya rufe Turai, tsuntsayen bakin ruwa kan keto Sahara ko su bi gaɓar teku su sauka a rafukan Bonny, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Akwai mai dogon baki lanƙwasasshe da ke zaƙulo ƙaguwa daga taɓo, akwai ƙanana masu rawar jela, ga zalɓe da shirwa 'yan gida. Baƙin nan 'yan ci-rani ne irinmu. Abinci ya kawo su, kuma kitsen da suka tara a nan shi ne guzurin komawarsu. Duk sanda ka firgita su don ka kama su a sama, guzurin nan ka rage musu. Hoton da aka samu ta haka ba shi da albarka.

Ku koyi halin ruwa. Teku kan cika ya janye sau biyu a kwana, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Ku tambayi masunta, sun san shi sarai. Ku zauna tun taɓo yana fili, da tufafi marasa ƙyalli, rana a bayanku. Ruwa na tasowa, shi zai turo muku tsuntsayen har gabanku. Da sassafe hazon hunturu yana tausasa haske, sai dai ƙura da iskar gishiri suna cin gilashin kyamara, don haka ku goge a hankali.

Na Fatakwal, akwai gandun Finima a tsibirin Bonny, wanda kamfanin NLNG ya kafa. Na Anaca, idan kogin Kwara ya ja baya da rani, tsibiran yashi kan fito. Wasu tsuntsayen a kan yashin suke ƙwai, ku duba inda kuke takawa. Na Inugu, tafkin Nike ya ishe ku koyo.

Sannan ku tuna ƙasar mutane ce. Ku gai da masu wuri, ku nemi izini, ku biya mai kwalekwale haƙƙinsa. Kada ku nuna kyamara wajen bututun mai, tashar jiragen ruwa ko shingen jami'an tsaro. Aku kuwa, tun 2017 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, don haka kada ku bayyana inda kuka ga sheƙarsa.

Ku riƙa rubuta rana da wurin kowane hoto. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana amfani da irin wannan bayani wajen gano inda tsuntsayen Najeriya suke. Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.