KWIKWIYON DA ZAI ZAMA IDON MAKAHO

Kun sha ganin makaho yana tafe a kan hanya riƙe da sanda, ga wani yaro a gabansa ya kama ɗaya bakin sandar. Wannan yaro shi ake kira ɗan jagora. Shi ne idon makahon. In ya ga rami sai ya kauce, in ya ga mota sai ya tsaya. To, a waɗansu ƙasashe, kamar Ingila da Amurka da Jamus, akwai makafi da yawa waɗanda ɗan jagoransu ba mutum ba ne, kare ne.

Watakila za ku yi mamaki, gama mu abin da muka san kare da shi shi ne gadi da farauta. Yaya za a yi dabba mai haushi da guje-guje ta ja mutum cikin birni, ta kai shi inda za shi, ta komo da shi gida lafiya? Amsar ita ce tarbiyya. Ba a haifar kare da wannan sani. Koya masa ake yi, tun yana ɗan kwikwiyo.

Asalin makarantun zamani na wannan abu daga yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, sojoji masu yawa suka makance. A 1916 wani likita Bajamushe, ana ce da shi Dokta Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar koya wa karnuka jagora a garin Oldenburg. Daga baya wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Eustis, wadda take horar da karnuka a ƙasar Suwizalan, ta ga irin wannan aiki a Jamus, ta rubuta labarinsa a 1927. Labarin ya kai kunnen wani saurayi makaho a Amurka, sunansa Morris Frank. Ya ƙetare teku ya tafi wurinta, a 1928 ya komo gida da karya mai jagora wadda ya kira Buddy. A 1929 suka kafa makarantar irin waɗannan karnuka a Amurka.

A Ingila kuwa mata biyu ne suka soma, Muriel Crooke da Rosamund Bond. A 1931 suka sa aka horar da karnuka huɗu a garin Wallasey. A 1934 aka kafa ƙungiyar da ke lura da wannan aiki, har yau kuwa tana nan. Sa'an nan a 1956 ƙungiyar ta soma ba da 'yan kwikwiyo riƙo a gidajen mutane. Kun san yadda akan ba gwaggo ko kawu riƙon yaro, ya tashi a hannunsu. To, haka nan ake yi da waɗannan 'yan kwikwiyo, don karen da ya girma a kulle cikin keji bai san mutane ba, bai san ƙarar mota ba, ran da ya fita titi kome zai ba shi tsoro. Bari mu ga yadda ake wannan riƙo a Ingila.

Ba kowane irin kare ake ɗauka ba. Yawanci akan zaɓi irin da ake kira Labrador, ko Golden Retriever, ko ruwa biyu na tsakaninsu, wani lokaci kuma irin karen makiyayan Jamus. An zaɓe su ne saboda suna da sanyin hali, suna son mutane, suna da saurin koyo. Karya takan yi kamar kwana 63 da ciki. In ta haihu, 'ya'yan sukan zo idonsu a rufe, ba sa gani sai bayan kamar mako biyu. Ku dubi ikon Allah! Wanda zai zama idon wani, shi kansa da makanta ya soma.

In kwikwiyo ya kai kamar mako 8, sai a raba shi da uwarsa, a kai shi gidan riƙo. Mutanen gidan ba a biyansu ko kwabo. Don taimako suke yi. Ƙungiya ce take ɗaukar nauyin abincinsa da kuɗin likitan dabbobi, tana kuma aiko ma'aikacinta loto-loto ya ga yadda kwikwiyon yake ci gaba.

Daren farko ba shi da daɗi. Kwikwiyo yakan kwana yana kuka, yana neman uwarsa da 'yan'uwansa. Mutanen gida sai su yi ta tashi suna lallashinsa. Bayan 'yan kwanaki ya saba da shimfiɗarsa, ya san sunansa, ya soma bin uwargida duk inda ta sa ƙafa. Daga nan karatu ya fara.

Darasi na farko shi ne tsabta. Da asuba, da bayan ya ci abinci, da in ya tashi daga barci, akan fitar da shi zuwa wuri guda a bayan gida, a faɗa masa wata kalma. In ya yi bukatarsa a nan, sai a yabe shi. Kullum wuri ɗaya, kullum kalma ɗaya, har ya gane sai an ba shi izini zai tsuguna. Wannan yana da amfani ƙwarai, don nan gaba zai shiga kanti da asibiti da jirgin ƙasa tare da maigidansa, ba shi yiwuwa ya ɓata wa mutane wuri.

Darasi na biyu shi ne haƙuri a gaban abinci. In an ajiye masa kwanonsa, ba ya faɗa masa nan da nan. Sai ya zauna ya jira, har a busa usur, kana ya ci. Da haka yakan san ƙarar usur alheri ce. In ya girma, ko ya yi nisa wajen wasa, da maigidansa ya busa sai ya sheƙo a guje. Ku tuna makaho ba zai iya bin kare ya kamo shi ba, dole karen ya zo da kansa.

Akwai kuma abubuwan da aka hana shi. Ba ya hawa kujera ko gado. Ba ya daka tsalle a kan baƙo. Ba ya tauna takalmi. Ba a ba shi kome daga abincin mutane, kome yawan roƙon da ya yi da ido. Wannan doka ita ta fi yi wa yaran gida wuya. Ga misali, ana cin abinci, kwikwiyo ya zo ya zauna ya zuba wa yaro ido. Yaron ya ji tausayi ya ce, "Mama, don Allah bari in ba shi ɗan guntun naman nan. Sau ɗaya kaɗai."

Uwar ta ce, "A'a, ɗana. In ka ba shi yau, gobe zai nema a hannun wani. Wata rana yana jan makaho a bakin titi, ya hangi nama ya faɗi a tsakiyar hanya, ya zabura ya ɗauka. Ina makahon zai faɗa?"

Yaron ya yi shiru, ya mayar da namansa cikin kwano. Kun ga ashe hani ma wani lokaci ƙauna ce.

Duk wannan koyarwa ba da duka ake yin ta ba. Karen da ya sha duka yakan zama matsoraci, matsoraci kuwa ba ya jagora. In kwikwiyo ya yi daidai, sai a shafa shi, a yi masa magana mai daɗi, a ba shi ɗan lomar abincinsa. In ya yi kuskure, sai a nuna masa abin da ake so, a sake gwadawa. Yau da gobe ya iya zama, da kwanciya, da tsayawa, da zuwa in an kira shi. Ya iya tafiya da igiya a wuyansa, a hannun hagu na mai riƙonsa, ba ya fizga, ba ya tsayawa sunsune-sunsune.

Amma babban darasi duka shi ne sanin duniya. Masana dabbobi sun gane makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, har zuwa kamar wata 3, su ne lokacin da ya fi saurin sabawa da sabon abu. Abin da ya gani a lokacin nan bai cuce shi ba, da wuya ya ji tsoronsa in ya girma. Saboda haka ba a ɓata lokaci. Tun kafin a gama yi masa allurar rigakafi, akan rungume shi a fita da shi, ya ga titi daga hannun mai riƙonsa. In an gama allurar, sai a sauke shi ya taka da ƙafarsa.

Daga nan kusan kullum akwai inda za a kai shi. Yau kanti, gobe tashar jirgin ƙasa, jibi ƙofar makaranta lokacin da yara suke tashi. A hau bas da shi, ya koyi kwanciya a ƙarƙashin kujera. A hau matakala da shi, a sauko. Ya taka katako, ya taka ƙarfe, ya taka daɓe mai santsi. Ya ga mai gemu, da mai laima, da mai keken guragu, da jariri yana tsala kuka. Ya ji jiniyar motar kashe gobara. Ya wuce kyanwa da tantabaru da waɗansu karnuka, ya koyi ƙyale su. Sau da yawa akan sa masa 'yar riga mai rubutu, don mutane su san ɗan makaranta ne.

Ba a yi masa wannan duka rana ɗaya, kuma ba a tilasta shi. In ya ga babbar mota ya noƙe, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, sai a ja da baya, a tsaya nesa, a bar shi ya kalle ta har hankalinsa ya kwanta. Kashegari a ɗan matsa kusa. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma kada ku zaci ba ya wasa. Yana da lokacin da akan kwance masa igiya a fili, ya yi ta tsalle-tsalle kamar kowane kwikwiyo.

Ana nan ana nan, har ya shekara ɗaya da 'yan watanni. Ɗan abin nan da aka kawo a hannu ya zama ƙaton kare. Sai rana ta zo, ma'aikacin ƙungiya ya iso da mota zai tafi da shi. Tun ran da aka kawo shi mutanen gidan sun san ba nasu ba ne, amana ce. Duk da haka ran rabuwa akan sha hawaye, manya da yara, gama sabo ake yi wa kuka. Da yawansu kuwa ba sa daɗewa sai su karɓi wani sabon kwikwiyo, su koma farko.

Shi kuwa karen sai ya shiga babbar makaranta, inda gwanaye za su yi watanni suna koya masa ainihin aikin. A nan ake ɗaura masa ɗamara mai mariƙi, wadda makaho zai kama. Ya koyi tafiya sosai ba karkata, ya tsaya a bakin titi da gindin matakala, ya kewaye abin da ya tare hanya, ya bar wa maigidansa isasshen wurin wucewa, ya nemo ƙofa. Kare bai san ma'anar jar fitila da koriya ta kan titi ba. Makahon ne yake kasa kunne, in ya ji motoci sun tsaya ya ce a tafi. Amma in ya ba da umurni alhali ga mota tafe, an koya wa karen ya ƙi motsawa. Wannan ƙin bin umurni shi ne yake ceton rai.

Ba dukansu suke cin jarrabawa ba. Wani ciwo yakan hana shi, wani tsoro, wani kuwa ba ya iya ganin kyanwa ya ƙyale. Irin waɗannan akan ba su wani aiki, ko a samar musu gidan da za su zauna. Wanda ya ci, sai a haɗa shi da makahon da tafiyarsu ta zo ɗaya, mai sauri da mai sauri, mai nawa da mai nawa. Su yi shekaru tare, suna zuwa wurin aiki da kasuwa da gidajen 'yan'uwa, har karen ya kai kamar shekara 10, a sallame shi ya huta.

Yanzu ku duba. Mutum ya miƙa ransa ga kare a tsakiyar birni, ya ƙetare titi bai ga kome ba. Me ya sa ya amince? Saboda a can baya akwai wata uwargida da ta yi ta tashi da asuba cikin sanyi, akwai wani yaro da ya mayar da namansa cikin kwano. Ƙananan abubuwan da aka yi ta maimaitawa kullum, su ne suka taru suka zama hali. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ma yanzu kuke ɗanyu. Tsabta da haƙuri da natsuwa da ake koya muku a gida da makaranta, wata rana wani zai dogara da su.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa aka buɗe makarantar karnukan jagora a 1916, kuma don su wa?
2. Don me ake ba da kwikwiyo riƙo maimakon a bar shi a keji?
3. Mene ne amfanin busa usur kafin kwikwiyo ya ci abinci?
4. Me ya sa uwar ta hana ɗanta ba kwikwiyo nama?
5. Faɗi wurare huɗu da akan kai kwikwiyo don ya san duniya.
6. Yaushe ne karen jagora yake ƙin bin umurnin maigidansa?
7. Rubuta jimloli biyar a kan yadda za ka taimaki makaho in ka gamu da shi a hanya.